Gani Ya Kori Ji: A Auna Juyin Inji Kafin A Taɓa Silo

Jama'a, a cikin zangonmu da wuya a sami gidan fatauci wanda ba ya cin abinci ta hanyar mota. Wani lori gare shi mai ɗauko albasa daga Bawku, wani doya ya ke saukowa da ita daga Teciman, wani goro ya ke aikawa arewa, wani kuwa 'yar tasi guda ce ya ba ɗan ƙanensa, yana kawo masa abin da ya samu kowane maraice. Galibin motocin nan kuwa ba sababbi ba ne. Akwai waɗanda suka girmi direbobinsu. Peugeot 404 ta fito a 1960, ƙanwarta 504 a 1968, kuma daga 1975 aka shiga harhaɗa Peugeot a Kaduna. Benz 207 ta fito a 1977, 'yar Tico ta Koriya a 1991. Tsohuwar Bedford ta Ingila ma ba a rasa ganinta jefi jefi a hanyar ƙauye, tana nishi da kayan gona.

To, akwai wata cuta da ta ke kama tsofaffin motoci, wadda masu mota da yawa su ke rainawa. Ita ce faɗuwar silo. Abin da makanikai su ke kira silo shi ne juyin da inji ya ke yi shi kaɗai sa'ad da mota ta ke tsaye, ba giya, direba kuwa bai taka totur ba. Idan silo ya faɗi, sai ka ga mota tana rawa kamar mai masassara, madubi yana kaɗawa, jar fitilar batir tana ƙyaftawa, da an tsaya a mararraba kuma sai inji ya mutu. Direba ya kai ta gareji, makaniki ya ɗauki sukudireba ya murɗa sukuru guda, inji ya ɗaga murya, a ce an gyara, a karɓi kuɗi. Bayan kwana goma ta koma gidan jiya.

Maganar da mu ke so mu yi da ku yau guda ɗaya ce. Faɗuwar silo alama ce, cutar tana wani wuri dabam. Kada ku yarda a taɓa sukurun nan sai an auna juyin injin da ma'auni, an kuma nemi dalilin da ya sa ya faɗi. Ku 'yan kasuwa ne. Ba wanda zai yarda a sayar masa da masara da ido, sai an kawo mudu. Don me za a gyara muku dukiya ta dubban sidi da kunne kaɗai?

ABIN DA KE CIKIN HATSARI

Wani zai ce, ai mota in ta mutu a tsaye sai a sake ta da ita, ina abin damuwa? Bari mu faɗa muku. Yawancin ƙananan motoci da bas bas, birkinsu yana samun taimako daga zuƙar iskar inji. Idan inji ya mutu, taki ɗaya ko biyu kaɗai ya rage a cikin tukunyar birki, daga nan sai feda ta yi tauri kamar dutse. Motar da sitiyarinta ke aiki da mai kuwa, shi ma nan take ya ke yin nauyi. Ku tuna da gangaren Mampon a hanyar Ejura, ko dutsen Aburi. Direba ya taka kuloci zai sake giya a kan kwana, inji ya mutu, ga kaya, ga fasinja. Manyan loroci masu birkin iska su ma, in inji yana juyi a hankali ƙwarai, tankin iska ba ya cika da wuri.

Ban da wannan, famfon baƙin mai da famfon ruwa da fanka da dinamo duk inji ne ke juya su. In juyi ya yi ƙasa, baƙin mai ba ya isa inda ya kamata da ƙarfi, ruwa ba ya zagayawa sosai, batir kuma ba ya samun caji. Motar da ta ke wuni cikin cunkoson Kejetiya a haka, a hankali ta ke cin kanta. Rawar da ta ke yi kuma ita ke tsinka robar da inji ke zaune a kai, ta kwance notuna, ta tsaga salansa.

Sa'an nan kada ku ce to, a ɗaga shi sama ƙwarai a huta. Wannan ma hasara ce. Ku yi lissafi da kanku. Inji mai juyi 750 a minti yana yin juyi 45,000 cikin awa guda. In an ɗaga shi zuwa 1,200, ya zama 72,000. Watau juyi 27,000 ke nan na banza kowace awa, kowane ɗaya kuwa da man da kuka saya a ke yinsa. Har yau giya ta kan riƙa ƙara in za a sa ta, wani injin kuma ko an kashe makulli sai ya yi ta tari bai mutu ba.

NAWA NE DAIDAI?

Juyin inji da minti a ke lissafa shi, watau sau nawa karanshaf ya kewaya cikin minti guda. Tsofaffin motocin fetur galibi silonsu yana tsakanin 600 da 900 in inji ya yi zafi. Manyan injunan gas, watau dizal, na lori su kan zauna ƙasa da haka kaɗan, ƙananan injuna masu silinda uku kuwa su kan so sama kaɗan. Amma kowace mota da nata adadi, wanda masu ƙera ta suka rubuta a littafinta, wani lokaci kuma a wata 'yar takarda da a ke mannawa a ƙarƙashin murfin inji. Wannan adadi shi ne alƙali. A nemo shi tukuna.

Kunne ba ya iya raba 600 da 750, musamman in salansa ta huje. Injin da ke tsallake wuta a silinda guda ya kan yi wa kunne kamar yana juyi a hankali, alhali juyinsa daidai ne, gurgunta kawai ya ke yi. Agogon juyi na gaban direba ma, in motar tana da shi, ba a dogara gare shi a wannan aiki, gama an yi shi ne domin dubbai, kaurin allurarsa kaɗai ya isa ya ɓoye juyi ɗari. Tsofaffin motoci da yawa kuwa ba su da shi ko kusa.

YADDA A KE AUNAWA

Kafin mu faɗi ma'aunai, sai mun ɗan bayyana yadda inji ke aiki, don a gane inda kuskure ke shigowa. Injin motocinmu irin wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya gyara ne a 1876, mai taki huɗu: fistin ya zuƙi iska da mai, ya matse su, wuta ta tashi ta tura shi, sa'an nan ya kori hayaƙi. Kafin a gama takin nan huɗu, karanshaf ya kewaya sau 2. Saboda haka kowace silinda sau ɗaya ta ke samun wuta cikin juyi 2. Inji mai silinda 4 yana ba da wuta sau 2 a kowane juyi, mai silinda 6 kuwa sau 3.

Ma'auni na farko shi ne agogon hannu mai waya biyu, wanda makanikan da suka san aikinsu su ke da shi tun da. A kan maƙala waya ɗaya a ƙaramin ƙafar kwayil wadda ta tafi distiributa, ɗayar kuma a jikin mota. Agogon nan ba juyi ya ke gani ba, tartsatsin wuta ya ke ƙirgawa, ya raba da yawan silinda. A jikinsa akwai maɓalli mai lamba 4 da 6 da 8. To, nan ne a ke yin ɓarna. In inji mai silinda 4 ne, aka bar maɓalli a kan 6, injin da ke juyi 750 sai agogo ya nuna 500, makaniki ya ce silo ya faɗi, ya ɗaga abin da ba shi da laifi. In kuwa mai silinda 6 ne aka bar maɓalli a kan 4, juyi 600 sai ya fito 900, a rage shi har ya riƙa mutuwa. Tico silinda 3 gare ta, in an auna ta a kan 4, juyi 900 zai fito 675. Saboda haka mai mota ya ƙirga fulogin motarsa, ya dubi maɓallin da idonsa. Wannan ba ya bukatar karatun boko. A kuma lura, motocin Ingila da yawa na kafin tsakiyar shekarun 1960, ƙafar batir mai alamar tarawa ce a ke ɗaurewa a jikin mota, saɓanin na yanzu. A irinsu sai a juya wayoyin agogo, in ba haka ba a ƙona shi.

Ma'auni na biyu shi ne fitilar taimin, irin mai nuna juyi a bayanta. Ita a kan matse bakinta a wayar fulogi na ɗaya. Tana da sauƙi, amma a motocin da ba su da distiributa, inda kwayil guda ke ba fulogi biyu wuta tare, wutar tana zuwa a kowane juyi, sai fitila ta nuna ninki biyu in ba a gyara maɓallinta ba.

Na uku shi ne ɗan ma'aunin haske, wanda ya yi kamar tocila. A kashe inji, a goge fulin karanshaf, watau faifan nan na can ƙasa wanda ke jan fambel, a manna masa 'yar takarda mai ƙyalli guda ɗaya. A ta da inji, a haska daga nesa kaɗan, lamba ta fito. Wannan shi ya fi dacewa da motocin gas, gama injin da Rudolf Diesel ya ta da a 1897 ba shi da fulogi balle kwayil, matsi kaɗai ke kunna mansa. Amma fa lalle a kan fulin karanshaf za a manna. Fulin dinamo ƙarami ne, ya fi inji saurin juyi, distiributa kuwa rabin juyin inji ta ke yi.

Na huɗu domin motocin baya bayan nan ne masu kwamfuta, waɗanda a ke shigowa da su ta Tema. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da na fetur a Turai tun daga 2001, da na gas tun daga 2004, suna da wani soket a ƙarƙashin sitiyari. In an soka masa na'urar bincike, sai ta faɗi juyin inji daidai, har da zafin ruwa da laifin da kwamfuta ta riƙe.

Akwai kuma wata dabara ta wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wutar lantarkin ƙasar nan tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka tsohuwar doguwar fitilar nan mai sitata tana ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, watau sau 6,000 a minti, ko da ya ke ido ba ya gani. A kashe inji, a ɗauki alli a yi zane 8 a fuskar fulin karanshaf, tazararsu daidai wa daida. Da dare a ta da inji a haska masa fitilar. In juyi 750 ne cif, sai zanen nan 8 su tsaya cik kamar inji ba ya motsi. In ya gaza kaɗan, sai a ga suna ja da baya a hankali, in ya ɗara sai su yi gaba. Wanda ke neman 600 sai ya yi zane 10. Sharaɗi dai shi ne wutar gari ce, ba ta janareta ba, fitilar kuma tsohon yayi, gama yawancin na yanzu ba su ƙyaftawa haka. Kada kuma wani ya ga faifai kamar a tsaye ya kai hannu.

Ko da wane ma'auni za a yi aiki, sai inji ya yi zafi sosai tukuna, kamar bayan tafiyar minti 15. Cok ya koma wurinsa sarai, a kashe fitilu da na'urar sanyi, giya tana furi, an ja birkin hannu, an sa wa taya waigi. Awon da aka yi da sanyin safiya ba awo ba ne.

INA CUTAR TA KE?

To, an auna, an ga lalle silo ya faɗi. Sukurun silo ba ya kwance kansa sai nadiran. In mota ta shekara tana zaune a 750, yau ta koma 550, wani abu ne ya sake. Inji abu huɗu ya ke bukata: iska, mai, wuta a kan lokaci, da matsi. A bi su ɗaya ɗaya, a fara da mai araha.

Iska. A buɗe filtar iska a duba. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da jar ƙasar hanyoyin ƙauye, su kan toshe ta har inji ya riƙa shaƙewa, yana baƙin hayaƙi. In an cire filta silo ya tashi, an kama ɓarawo. Tsofaffin loroci masu filtar kwanon mai kuwa, a wanke kwanon a sake mai, kada a cika shi ya wuce zane. Kishiyar wannan ita ce iskar sata, wadda ke shiga ta inda ba a ba ta hanya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tiyon roba ya bushe ya tsage, ko gaskit na gindin kafireto ya mutu, ko babban tiyon da ya tafi tukunyar birki ya huje, ko sandar totur ta cinye mazauninta tana lilo. Iskar nan ta kan tsinka mai ya yi ƙaranci, inji ya riƙa hawa da sauka. A ɗauki guntun tiyo, a sa baki ɗaya a kunne, a bi da ɗayan kewayen kafireto, za a ji shi yana tsaki. Ko a matse tiyoyin ɗaya ɗaya, wanda aka matse inji ya daidaita, shi ne mai laifi. Waɗansu su kan fesa fetur don su gane wurin. Kada ku yarda a yi haka a motarku, gobara ce a ke kira.

Mai. A cikin kafireto akwai wata 'yar ƙofa da mai ke bi lokacin silo kaɗai, ƙanƙanta ƙwarai, ƙwayar rairayi guda ta isa ta toshe ta. Alamarta ita ce mota tana gudu lafiya a kan hanya, amma da an ɗaga ƙafa sai ta mutu, ko kuwa ba ta zama sai an ɗan ja cok. Tsatsar tsohon tanki, da ruwa, da man galan na bakin hanya su ke kawo wannan. A wanke ta da iska, kada a tsokane ta da waya, gama in ramin ya faɗaɗa, motar ta zama mashayiya har abada. A sake filtar mai. A duba bulan da ke cikin kwanon kafireto, in ya huje ya nutse mai zai yi ambaliya. Waɗansu kafiretocin kuma suna da ɗan makunnin lantarki mai rufe ƙofar nan in an kashe makulli. In wayarsa ta tsinke, silo ya tafi ɗungum. A kunna makulli a saurara, lafiyayye ya kan yi ƙas.

Wuta. A kwance fulogi a jera su bisa tsari a duba launinsu. Mai lafiya ruwan ƙasa ne. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko iskar sata. Mai jiƙe da baƙin mai kuwa, injin ne ya tsufa. Daga nan sai kwantak na cikin distiributa. Ratarsa a yawancin tsofaffin motoci wajen milimita 0.4 ce. Yau da gobe ɗan dunduniyarsa ya kan cinye, rata ta ragu, wuta ta riƙa zuwa a makare, silo ya yi ta sauka a hankali ba wanda ya lura. Wannan yana daga cikin manyan dalilan faɗuwar silo a motoci masu kwantak. A gyara rata tukuna, sa'an nan a saita taimin da fitila, ba da kunne ba. In an juya tsarin, aikin ya ɓaci, gama rata tana sake taimin.

Akwai gwaji mai kyau da a ke yi da agogon juyi a maƙale. A cire wayar fulogi ɗaya da filaya mai riga, a dubi yadda juyi ya sauka, a mayar, a cire ta gaba. Kowace silinda mai aiki, in an hana ta wuta, juyi zai faɗi kusan daidai da na 'yan'uwanta. Wadda aka cire ba abin da ya sake, ita ce ke cin abinci ba ta noma. Wannan gwaji na motoci masu kwantak ne. Masu wutar lantarki ta zamani a kan ƙona musu kaya in an ja waya haka, sai a bar wa wanda ya san hanyarsu.

Matsi. In iska da mai da wuta duk lafiya, saura cikin injin. A duba ratar bawul bisa ga littafi. Bawul ɗin da ya matse ba ya rufewa sarai, matsi ya zurare, silo ya yi rauni, daga baya bawul ya ƙone. Akwai dalilin da ya sa wannan ya shafi tsofaffin motoci musamman. An ƙera su ne a zamanin fetur mai dalma, dalmar kuwa ta kan kare mazaunin bawul. An hana wannan fetur saboda guba ce ga mutane, musamman yara, ƙasa ta ƙarshe da ta bar sayar da shi ita ce Aljeriya a 2021, mu nan kuwa mun riga ta da shekaru masu yawa. Hanin alheri ne, amma tsohon inji mai kan baƙin ƙarfe wanda ba a sa masa mazauni mai tauri ba, bawul ya kan riƙa nutsewa, rata tana rufewa. Sai a riƙa dubawa a kai a kai. Bayan wannan a auna matsin kowace silinda da agogonsa. Abin da a ke so shi ne su yi kusa da juna, bambanci kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Wanda ke da agogon zuƙar iska kuma ya maƙala shi. Lafiyayyen inji a ƙasa mai kwari irin tamu ya kan nuna inci 17 zuwa 21, allura a tsaye. In tana ƙasa amma a tsaye, a zargi taimin ko iskar sata. In tana tsalle, a zargi bawul.

MASU INJEKTA DA MASU GAS

Motar fetur mai injekta ba ta da sukurun silo irin na kafireto. Kwamfuta ce ke buɗe wata 'yar ƙofar iska tana rufewa. Abin da ya fi kama su shi ne datti ya taru a maƙogwaron totur da ƙofar nan. Wanki su ke so, da duba tiyoyi. Ɗan sukurun da faifan totur ke jingina a kai an saita shi tun daga masana'anta, wanda ya taɓa shi ya rikita lissafin kwamfuta.

Motar gas kuwa, a fara da filtar mai da ruwan da ke taruwa a gindinta, da iskar da ke shiga bututun mai ta wurin da ya saki, sa'an nan nozul. A jikin famfon injekta akwai sukurun silo, akwai kuma wani mai hatimi wanda ke tsare iyakar gudun inji. Mai hatimin nan ba na taɓawa ba ne. Kada kuma kowa ya sa hannu gaban nozul yana feshi, gama ƙarfinsa ya isa ya huda fata, man ya shiga nama.

SA'AN NAN A ZO GA SUKURU

In an gama duk wannan, sau da yawa sai a tarar silo ya komo wurinsa da kansa. In da saura, yanzu ne sukudireba ke da aiki. Sukuru biyu ne a kafireto. Ɗaya na sauri, shi ke tokare totur. Ɗaya na gauraya, shi ke ƙayyade man silo. A sa na sauri a kan adadin littafi. A juya na gauraya kaɗan kaɗan, kwata kwata, ana jira ana duban agogo, har a sami inda juyi ya fi tsawo ya kuma zauna lafiya. A komo ga na sauri a mayar da shi kan adadi. A maimaita sau ɗaya ko biyu. Kada a ɗaure na gauraya da ƙarfi har ƙarshe, bakinsa tsini ne, in ya lanƙwashe ba ya sake saituwa. In an juya shi ciki da waje inji bai kula ba, to, ƙofar silo a toshe ta ke, ko kuwa an riga an ɗaga totur ya wuce wurinsa don a rufe wani laifi. Daga ƙarshe a kunna manyan fitilu, a murɗa sitiyari, a taka totur a saki farat ɗaya. Lafiyayyen inji zai ɗan sauka ya tsaya, ba zai mutu ba.

GARGAƊI GA DATTAWA

Mun san halinmu, in ana gyaran mota sai mun leƙa. Babbar riga da jelar rawani da carbi ba su shiri da fanka da fambel. A naɗe hannun riga, a ja baya, a kori yara. Waɗansu fankokin na lantarki ne, su kan tashi da kansu ba sallama. Kada kuma a bar inji yana aiki a cikin zaure ko rufaffen gareji. Cikin hayaƙinsa akwai iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ta kan sa mutum jiri da barci, daga nan sai mutuwa. A fili a ke wannan aiki.

Shawararmu ta ƙarshe ita ce, kowane mai mota ya sayi ɗan littafi ya ajiye a aljihun motar, kamar yadda ya ke da littafin bashi a rumfa. Ranar da aka gyara, a rubuta kwanan wata da juyin da agogo ya nuna, da boko ko da ajami. In direba ya zo ya ce Alhaji, mota tana mutuwa a silo, kada a ce masa ya riƙa ɗan taka mata totur, a tafi da littafin a sake awo a gwada da na baya. Ta haka zargi ke raguwa tsakanin mai mota da direba da makaniki, gama lamba ba ta son kai. Makanikai masu ma'auni ba su yi wuya ba a Magazin ta Suwame a Kumasi, kayan kuma ana samu a can da Abose Okai a Ankara. Waɗanda ke da motoci a tasha ɗaya ma suna iya haɗa kuɗi su sayi ma'aunin haske guda, su ajiye wurin shugaban tasha. Tambaya uku za ku yi wa mai gyara: nawa ta ke juyi yanzu, nawa littafi ya ce, me ya saukar da ita? Wanda ya amsa ukun nan, ku ba shi makulli. Allah Ya kiyaye hanya.